Ƙwallon da Ya Tsallake Shinge

Marnie, 'yata mai shekara goma sha ɗaya, ta tsani lissafi. Makaranta ta ba su littafin aikin hutun Kirsimeti, amma kullum da zafin nan na Janairu, don a ƙasarmu lokacin zafi ne, sai in tsince shi ƙarƙashin kwanon kare. Ninka lamba sau bakwai ne ya fi tsaya mata a wuya. Ni kuwa abin ya dame ni ƙwarai, don baɗi aji shida za ta shiga.

Yayana Dermot ne ya kawo dabara ranar da ya zo gasa tsiran rago a bayan gida. Mutum ne mai cika baki, musamman kan kurket, wasan da ake jefo ƙwallo kan wasu sanduna, mai tsare su ya buge shi da sanda ya yi gudu.

"Ke 'yar Kawu, zo mu buga. Kowane gudu ɗaya maki bakwai ne, kuma da bakinki za ki faɗi jimilla. Kika yi kuskure, makin ya tafi. Kika ci ni, uwarki ta ɓoye littafin nan har a koma makaranta."

"Da gaske, Mama?"

Na harari Dermot, amma na amince.

Aka kafa kwandon shara a matsayin sandunan da ake tsarewa. Dermot ya fara, yana gudu tumbi na rawa, ya tara ɗari da goma sha tara. Marnie ta karɓi sanda. Sau biyu ta yi asarar maki, ta ce ashirin da huɗu a wurin ashirin da ɗaya, har idonta ya kawo ruwa. Daga nan ta nutsu, bakinta na motsi kafin kowane bugu. Da ya rage jifa ɗaya, tamanin da huɗu gare ta.

Dokar bayan gida kowa ya san ta: ƙwallo ya tsallake shinge, gudu shida ne, amma ka fita, kuma kai za ka je ɗauko shi. Bayan shingenmu kuwa dinyoyin maƙwabciyarmu tsohuwa Petrakis ne, manyan agwagin nan masu cizo ba sani ba sabo. Shi ya sa yaran unguwa duk a ƙasa suke bugawa, ƙwallo ya gangara ya taɓa shinge su samu gudu huɗu.

"Buga a ƙasa, yarinya, ki samu huɗunki ki sha kaye da mutunci," in ji Dermot.

Marnie ta dubi shingen, ta ƙirga wani abu a yatsu. Ya jefo ƙwallon, ta ɗaga shi sama har cikin dinyoyin.

"Kin fita!" Dermot ya daka tsalle.

"Na sani, Kawu. Huɗu ashirin da takwas ne kawai, ba zai kai ni ba. Shida sau bakwai arba'in da biyu. Ɗari da ashirin da shida!"

Daɗi ya kama ni har na bar tsiran ya ƙone. Ta hau shingen, dinyoyi na ta kururuwa a ƙasa, ta waiwayo.

"Mama, ɓoye littafin! Kawu, gobe da sau takwas za mu buga, in ba tsoro kake ji ba."