Jawabin Zuwaira Mai Daddawa

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Katsina ya zama mai kishin al'umma, har waɗanda ko kwatar ƙofar gidansu ba su taɓa yashewa ba. Malama Zulaihat dai ba ta cikinsu, wannan kam a faɗi gaskiya. Tun kafin a fara gangamin siyasa ta roƙi hedimasta ya ara mata azuzuwa biyu a firamaren da take koyarwa, can wajen Ƙofar 'Yandaka, in an tashi yara. Ɗaya na yaƙi da jahilci, ɗaya na ɗinki da awon jarirai ranar Laraba. Da ƙafarta ta bi gida-gida tana lallashin maza su bar matansu su fito, ta sha "sai na yi shawara" har ta ƙoshi.

Cikin matan da suka fito babu kamar Zuwaira mai daddawa. Daga wani ƙauye bayan Batagarawa suka taso ita da mijinta Lawal, mai dako a kasuwa. Ta haura arba'in, ranar farko kuma riƙon muciya ta yi wa fensir. Amma cikin wata bakwai ta fara haɗa baƙi, har tana tsayawa bakin titi ta karanta allon kanti da ƙarfi. Abu ɗaya ne, warin daddawa ya kama jikinta, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Ita ma ta sani, da kanta take tsokanar kanta: "Ni kam, Malama, kafin in yi sallama an amsa."

Sai labari ya zo cewa Hajiya Ma'u, matar sabon kansila, za ta kawo ziyara da ƙawayenta na unguwar GRA, in abin ya burge ta za ta nemo wa cibiyar ƙarin kekunan ɗinki. Zulaihat ta rubuta jawabin maraba layi shida, ta ba Zuwaira a gaban aji.

"Yaya Zuwaira, ke za ki karanta."

"Ni? Gaban manya?" Ta dafe ƙirji. "Malama, ki rufa mani asiri."

Ta karɓa dai. Mako uku tana bitarsa a gindin tukunyar kalwa, har Malam Lawal, da bai san ko harafi ɗaya ba, ya haddace shi tsaf.

Ranar ta zo, bayan la'asar. Zuwaira ta riga kowa isowa, da sabuwar atamfa da jan lalle har wuyan hannu, ta zauna a bencin gaba tana motsa leɓe. Motoci suka tsaya, ƙamshin turare ya cika ajin. Da baƙin suka zo wucewa ta gaban bencin, ɗaya daga cikin ƙawayen ta ja gefen gyalenta ta kai hanci. Zulaihat ta gani, nan take matar da take alfahari da ita ta koma mata abin ɓoyewa.

Ta lallaɓa ta sunkuya. "Yaya Zuwaira, kawo takardar nan. An ce lokaci ya ƙure, sai wadda za ta yi sauri. Ki koma can baya wajen taga, ya fi iska."

Zuwaira ta dube ta, ta dubi mai gyalen, ta miƙa takardar da hannu biyu. "To, Malama."

Zulaihat ta miƙa takardar ga Rashida, ƙanwar mijinta, wadda ta zo taya ta rabon zoɓo. Ta kuma tsaya gaban mutane, bakinta bai ko yi rawa ba, ta nuna Rashida ta ce wannan ɗalibarsu ce da wata bakwai baya ko sunanta ba ta iya rubutawa. Rashida ta zuba karatu kamar mai labaran rediyo. Aka yi tafi raf-raf, har da guɗa daga wajen baƙi. Matan ajin kuwa ƙasa suke kallo.

Hajiya Ma'u ba ta tafa ba. Ta yafito Zulaihat da yatsa, ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai su biyu.

"Malama, yarinyar nan ba Rashida Haruna ba ce? Ni na koyar da ita a aji huɗu na sakandare, kafin in aje aiki."

Zulaihat ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ba tozarta ki zan yi ba," in ji Hajiya. "Amma ba wannan na zo gani ba. Duk matan nan, ba wadda ta iya ko layi guda?"

"Akwai, Hajiya. Wallahi akwai!"

Ta juya da sauri ta nufi taga. Bencin wayam. Wata tsohuwa ta ce ai tun ana tafi Zuwaira ta fita, amma ta bar littafinta, ta ce a ba Malama.

Zulaihat ta buɗe. A shafin ƙarshe, da manyan baƙaƙe masu karkata, an danna fensir har ya kusa huda takardar:

"Malama na tafi gida dan kar in ba ki kunya. Na gode da karatu. Zuwaira Lawal."

Wata bakwai Zuwaira tana kwafar abin da aka rubuta a allo. Wannan ce magana ta farko da ta rubuta daga cikinta, ba wanda ya tsara mata, kuma babu harafin da ya ɓace. Idon Zulaihat ya cika. Kunyar da ta ji gaban Hajiya ashe ƙarama ce.

"Malama," Hajiya Ma'u ta kira daga gaba, "kin same ta?"

Babu wata shaida da ta fi wadda ke hannunta, babu kuma abin da zai tona mata asiri kamarta. Littafin yana warin daddawa. Ta ratsa tsakanin matan, ba wadda ta ɗago ta dube ta, ta miƙa wa Hajiya shi a buɗe, ta tsaya kanta a sunkuye har aka gama karantawa.