Katin Mai Wanki

Aikina a ƙarshen littafi yake, wurin da ba mai leƙawa sai mai neman sunansa. Fihirisa nake haɗawa, wato jerin nan na sunaye da batutuwa bisa tsarin haruffa, kowanne da lambar shafin da za a same shi. In na faɗi haka a cikin mutane, sai a gyaɗa mini kai cikin tausayi, a tambaye ni ko har yanzu ban samu aiki ba.

Har yau da kati nake aiki, kwamfuta tana gefen tebur tana hararata. Kowane mutum da katinsa a cikin kwalin takalmi. Da hantsi, in hasken taga ya sauka kan kwalin, nakan ajiye biro in zuba musu ido. Mutanen da suka shekara talatin suna gaba a cikin littafi, ga su nan jingine da juna saboda harafi ɗaya ya haɗa su, ba mai cewa uffan.

Wata Litinin editan kamfanin ɗab'i ya aiko mini da tarihin rayuwar wani tsohon likita da ya rubuta da kansa, shafi ɗari uku da arba'in. Ban kai shafi na goma ba na gane asibitin. Nan Inna ta yi aikin wanki har ta rasu, ina shekara shida. Ba ta bar hoto ba. Abin da ya rage mini nata bai wuce ƙanshin sabulu da tururi ba, sai bayan wata mace tana shanya fararen zannuwan gado. Duk yadda na so ta juyo a cikin tunanina, ba ta juyowa.

A shafi na 41 likitan ya ce akwai wata mai wanki da take waƙa ƙasa-ƙasa a bayan ɗakin tiyata. A na 97 wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, wata mai wanki ta riƙe fitila awa biyu hannunta bai girgiza ba. A na 150 an kama wata tana ɓoye 'ya'yan kyanwa a kwandon zannuwa. A na 203 kuma wata ta ba maras lafiya mayafinta, don an sallame ta ba ta da abin rufa. Ko ɗaya bai ambaci suna ba.

Dokar farko a sana'armu ita ce kada a cusa mutum biyu a kati ɗaya. Ni da bakina na sha yi wa sababbin shiga faɗa a kan wannan, har suna kirana Uwar Doka a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Amma na ɗauki sabon kati na rubuta: Mai wanki, 41, 97, 150, 203.

Daga ranar aikin ya koma wani abu dabam. Ina karanta babin gina sabon ɗakin haihuwa, sai in ji kamar waƙa tana tasowa daga bayan shafin. Matar takan fito daga 41 da kwando a kai, ta ratsa doguwar baranda ta shiga 97, ta ajiye fitila, ta wuce. Wani lokaci fankar ɗakina ta ɗaga takardu, in ga kamar shanya ce iska take kaɗawa. Shayi ya sha hucewa a gabana. Na yi farin ciki a kwanakin nan irin wanda ban taɓa yi ba, don na samu uwa mai taushin murya, kuma ni na tattaro ta da hannuna.

Edita mutum ne da ko gaisuwa a tsaye yake yi. Da na kai masa aikin, ya bi jerin da jan biro har ya tsaya a kan layin.

"Malama, wa ya ce miki mace ɗaya ce?"

Na ce alamu sun nuna. Ya ce ba ya buga alamu. Ko dai marubucin ya tabbatar kafin Alhamis, ko layin ya fita, don ranar za a kai littafin injin bugu. Ban yi gardama ba, don da ni ce a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan.

Laraba da safe na shiga mota zuwa gidan likitan. Jikarsa ce ta buɗe mini, ta kai ni baranda inda yake zaune da bargo a gwiwa. Ya haura tasa'in, idanunsa sun yi fari, amma kunnensa ras. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, na karanta masa wuraren huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Ya saurara yana murmushi, sannan ya warware mini katin a hankali. Mai waƙar doguwa ce, ta auri direban motar asibiti suka bar garin. Mai fitilar ta tsufa a aikin, shi da kansa ya yi mata jinyar ƙarshe shekara goma da suka wuce. Mai kyanwa tsohuwa ce tun a lokacin. Mai mayafin kuwa 'yarta yanzu nas ce, takan zo duba shi. Mata huɗu ne, kuma babu Inna a cikinsu.

Kunya ta kama ni, sannan baƙin ciki ya biyo baya ya fi ta nauyi. Na soma tattara takarduna ina ba shi haƙurin ɓata masa lokaci. Ya tambaye ni wace shekara mahaifiyar tawa ta rasu. Na faɗa. Ya tambaya ko ita ce mai zuwa aiki da 'yar ƙaramar yarinya tana zaunar da ita kan kifaffen bokiti. Na ce ina jin haka. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"'Yata, kin tsallake ta. Buɗe 88."

Na san shafin. Sau uku na bi ta kansa, na saka shi ƙarƙashin "Kurakurai, na farkon aiki". Yana sabon likita ya manta aska a cikin zanin gado, ta yanke wata mai wanki. Matar ta shigo ɗakin marasa lafiya hannu naɗe da tsumma, ta dire askar a teburinsa a gaban kowa, ta wanke shi tas. Da nake karantawa a gida na ce a raina wannan kam masifaffiya ce, na wuce. Ba irin uwar da nake nema ba ce.

Ya ce tun daga ranar, shekara hamsin, bai taɓa fita daga ɗakin tiyata ba sai ya ƙirga kayan aikinsa sau biyu. Ya ce sunanta ne ya ɓace masa shi ya sa bai rubuta ba, in faɗa wa jikarsa sunan ta rubuta wa edita, layin ya tsaya da sunanta sosai da lambar shafi ɗaya tak. Sannan ya ce in karanta masa maganar tata.

Na karanta a hankali. Ya girgiza kai.

"Ba haka ta faɗa ba. Ɗaga murya."

Na miƙe tsaye a barandar mutane, na riƙe takardar da hannu biyu.

"Likita, da hannun nan nake ciyar da 'yata! An koya maka yanka, ba a koya maka ƙirga kayanka ba? In na sake tsintar ta, a aljihunka zan mayar maka da ita tsirara!"

Jikar ta leƙo daga kicin a firgice. Tsohon ya jingina da kujera, ya rufe ido.

"Yauwa," ya ce. "Ita ce."