Bindigar Kofur Gantaro

Ran Talatar da Fumie ta rasu, an yi ruwa a Tokyo tun safe, kuma ta fita ba laima. Ta yanke jiki ta faɗi a tashar jirgin ƙasa, rungume da shafukan da ta zana za ta kai wa mujalla. Shafukan sun isa lafiya. Ita ce ba ta isa ba.

Mijinta, Kuramochi Teruo, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da tsohon adabi a sakandare. Matarsa kuwa, fiye da shekara ashirin tana zana labarin Kofur Gantaro, ɗan sandan ƙarfe da aka jefa gadi a wani ɗan ƙaramin ofishi a duniyar wata. Aikinsa karɓar kayan tsintuwa. Ba a ruwa a wata, amma kullum sai an kawo masa laimar da wani ya manta, shi kuma ya bi sararin samaniya yana neman mai ita. Ƙasa duka tana dariya. Teruo yana kiran abin shirmen yara.

Duk fitowar mujalla, Fumie takan ajiye ta kusa da kwanonsa.

“Shehin malami, ko za a taimaka a duba?”

“Miyar nan gishiri ya yi yawa.”

“To, Allah ya ba mu haƙuri da masu ilimi,” in ji ta, tana dariya.

Bayan addu'ar kwana arba'in da tara, Nagase, matashin editanta, ya zo gidan da kwalin alewa da sunkuyo har ƙasa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban akwatin tunawa da mamata inda hoton Fumie yake, ya kunna turare, ya kaɗa ƙararrawa. Sannan ya bi al'ada: tsarabar da aka kawo gidan mamaci, a gaban mamacin ake fara ajiye ta. Ya buɗe jaka, ya fito da ’yar tsanar roba, ya tsayar da ita kusa da ƙoƙon shinkafar Fumie.

Gantaro ne. An faɗaɗa masa kafaɗu, an matse masa tumbi, an ɗora masa bindiga mai tsawon rabin jikinsa. Bakinta yana kallon hoton.

“Mene ne wannan?” in ji Teruo.

“Albishir ne, Malam. Za a mai da labarin katun na talabijin. Mun so Malama ta fara gani.”

“Ta gani. Ga shi ma an auna ta.”

Nagase ya yi wuf ya juya tsanar. “A gafarce ni. Yaran yanzu ne, Malam, in ba a yi harbi ba sai su canza tasha. Karen bana ai shi ke maganin zomon bana. Gyara kaɗan muka yi.”

“Gyaran gangar Abzinawa. Kun jira turare ya mutu, kun ba shi bindiga. Da ranta me ta ce muku?”

“Ta ce… za ta duba.”

“Yaro, a Tokyo aka haife ka ko a bayan dutse? Yaushe ‘zan duba’ ta taɓa zama ‘na yarda’ a garin nan?”

Kunnuwan Nagase suka yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba. “Haƙƙin labarin na kamfani ne tun farko, Malam. Girmamawa ce ta kawo ni. Muna so ka zauna a sahun gaba ranar ƙaddamarwa. Kuma, kada ka ga rashin kunyata, Malama da bakinta ta gaya mana ba ka taɓa buɗe ko shafi ɗaya ba.”

Teruo ya daka masa tsawa.

“Gantaro ba ya riƙe bindiga! Ranar da ya kama aiki ya ba da ita jingina a shagon taliya, har yau bai fanso ta ba. Dunƙulen shinkafa yake sakawa a kubenta. Da ’yan fashin tauraron Zuhura suka kewaye ofishinsa, me ya yi? Ya sa su layi, ya tambayi kowa ko ya yar da wani abu. Shugabansu ya fashe da kuka, saboda safar hannun da uwarsa ta saƙa masa tana cikin akwatin tsintuwa. Wannan shi ne labarin, kai dolo! Ku ba shi bindiga, me ya rage? Kwandon shara mai harbi!”

Hayaƙin turare ya miƙe kamar zare.

“Malam,” in ji Nagase a hankali, “ashe kana karantawa?”

Teruo ya dubi tabarma.

“Zan kai maganarka sama,” Nagase ya ce, yana sunkuyawa. “Za mu duba.”

Da ƙofa ta rufe, Teruo ya ga baƙon ya manta laimarsa a zaure. Bai bi shi da ita ba. Ya ɗauko almakashin da Fumie take gyaran furanni da shi, ya datse bindigar daga hannun tsanar, ya jefa a shara. Guda ɗaya ke nan. Dubban ’yan tsana irinta suna can a masana'anta, kowace da tata.

Ya durƙusa gaban hoton. Shekara da shekaru, in ta tafi wanka, yakan ɗauki mujallar ya shige bayan kantar littattafansa, ya toshe baki da hannun riga don kada ta ji. Sannan ya mayar da ita daidai inda ta ajiye, kusa da kwano.

Ya kaɗa ƙararrawa. Ya jira ƙararta ta mutu.

“Fumie,” ya ce, “abin yana da ban dariya.”

Ita dai tana kallonsa daga cikin hoton, da murmushin mai jiran a duba.