Sharaɗin Adawiyya

Tun ranar da Mode ya fara zuwa zance gidanta a unguwar Gawon Nama, Adawiyya ta gaya masa magana ɗaya: duk inda za ta zauna, da Inna Iyatu za ta zauna. Iyatu uwar mijinta ce da ya rasu, tsohuwa makauniya. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, ya kuma karɓi abinsa. Dangi sun iya zaman makoki, amma babu wanda bakinsa ya iya cewa, taso mu tafi.

Mode mai sayar da hatsi ne daga Wamakko, ga fara'a ga daɗin baki. Ya ce ai lada ce ta biyo shi har gida, ya yi ta rantsuwa sai da ta ce ya isa. Tana son sa, wannan ba ta ɓoye ba. Sai dai ita ba yarinya ba ce, ta san abin da namiji ke faɗa a kan tabarmar zance ba lalle ya tuna shi bayan tarewa ba.

Ta sami waliyyinta, Kawu Bawa, ta ce a faɗi sharaɗin gaban liman da shaidu kafin a shafa fatiha. Kawu ya yi ta kame-kame, wai abin kunya ne, surukai za su ce ba a yarda da su ba. Ƙarshe ya ce to, irin to ɗin da kowa ya san a'a ce.

Ranar ɗaurin aure maza suka cika zauren Kawu. Mata ba su da wurin zama a nan, don haka Adawiyya ta laɓe bayan ƙofar ciki ta kasa kunne. Aka ambaci sadaki, aka yi raha, Kawu ya gyara murya zai ba da aure. Sunan Iyatu ko a bakin wasa bai fito ba. Sai Adawiyya ta ɗaga murya daga bayan ƙofa.

"Malam, a dakata. Kawu, da maganad da ba ka hwaɗi ba."

Kawu ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yar da allura. Liman ya ce bazawara ce, ba a ɗaura mata aure sai da izininta, ta faɗi. Ta faɗa ba tare da ta rage ko kalma ba. Liman ya juya ga ango.

Mode ya dubi 'yan'uwansa, ya dubi tabarma. "Ai ban ƙiya ba. A ɗaure dai tukuna, in anka tare sai mu ga yadda za a yi da tsohuwa."

Zuciyarta ta yi ciwo sosai, don har lokacin tana fatan ya ba ta kunya ya amsa.

"Malam, kun jiya da kunnenku. Ban ba da izini ba."

Ta ja mayafi ta koma gida a ƙafa. Labari ya riga ta isa, ta tarar da Iyatu na kuka, tana cewa Adawiyya ta rasa miji saboda tsohuwar da ko jini ba su haɗa ba. Adawiyya ta durƙusa, ta share mata hawaye da bakin mayafi.

"Inna, da na yi shiru yau, ke zan rasa."