Kaska ta Biyu

Tun da Merv ya rasu a watan Yuli, babu wanda ya ƙara laluben jikin karensa Jaffa yadda ya kamata. Shi kullum da yamma, in ya dawo daga wajen shanu, sai ya zauna a baranda ya ɗora kan karen a cinyarsa, ya bi shi da yatsu tun daga hanci har jela. Matarsa Glenys takan tsaya a bakin ƙofa tana yi masa tsiya, wai da ita yake yi wa wannan lallashin, da aurensu ya fi haka daɗi. Shi kuwa sai ya ce kaskar gaɓar tekun nan ba ta san wasa ba, kwana huɗu ya ishe ta ta shanye ƙafafun kare. In ka sami ɗaya, in ji shi, nemi 'yar'uwarta.

Yanzu Jaffa kaɗai ya rage mata a gidan. Shi ne har yau yake ɗaga kunne in mota ta taso daga hanyar garin Bellingen, ko Merv ne.

Da ruwan Oktoba ya sauka, ciyawa ta yi tsawo a bayan gida. Ranar Talata Glenys ta ji wani ɗan ƙullutu a bayan kunnen karen. Ta ɗauko 'yar ƙugiyar robar da Merv yake ajiyewa a gwangwanin shayi, ta zura ta daf da fata, ta murɗa a hankali. Ba ta matse cikin kaskar ba, ba ta ɗiga mata kananzir irin na mutanen da ba. Ta fito ɗungurungum har da kanta. Glenys ta jefa ta a kwalba, ta ɗora a taga, ta ji rabonta da yin abu daidai haka tun ranar jana'iza. Yatsunta masu ciwon sanyin ƙashi sun fara zogi, sai ta sallami karen.

Ranar Alhamis da safe haushinsa ya dushe. Da ya tashi, ƙafafun baya suka harɗe. Ta ce wa ranta sauran dafin waccan ne, zai wuce. Ganin yana haki, ta ɗebo ruwa ta ɗaga masa kai ta riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan. Ya ƙware, ya yi ta kakari.

A haka maƙwabciyarta Bev ta same su, ta kawo mata ƙwai. Ta ajiye kwandon a ƙasa.

"Ke 'yar tsohuwa, shekara arba'in a gona, ba ki san ba a ba mai dafin kaska ruwa ba? Maƙoshinsa ya riga ya mutu. Kama bargon nan mu ɗauke shi."

A mota Bev ta yi ta surutu don ta rage mata zafi, wai karen nan taurin kan Merv gare shi, mutuwa ma sai ta yi da gaske. Glenys na zaune kusa da karen. Hannunta na kan haƙarƙarinsa.

Likitar dabbobin yarinya ce sa'ar jikar Glenys. Ta aske shi tas, ta leƙa kunnuwa da tsakanin yatsu, sannan ta ɗaga leɓensa na sama. Ga kaska ta biyu nan a maƙale, ta ƙoshi ta yi toka-toka. Ta tambaya yaushe aka ba shi ƙwayar rigakafin kaska. Glenys ba ta sani ba. Merv bai taɓa rubuta ranar a kalanda ba, a kansa yake riƙe ta.

An yi masa allura, an sa masa iskar numfashi. Likitar ta ce dafin kaɗai da sauƙi, amma ruwa ya shiga huhu.

"Ni na ba shi," in ji Glenys.

"Mama, kowa ya ga karensa yana haki haka zai yi."

Jumma'a da azahar aka bugo wa Glenys waya daga wajen likitar, Jaffa ya mutu. Bev ce ta je ta karɓo shi a cikin bargon, ta kira ɗanta ya haƙa rami a gindin mangwaro. Da suka tafi, Glenys ta zauna a kujerar Merv. Kwalbar na nan a taga, kaskar farko tana ta hawan gilashi tana zamowa.