Tsintuwa a Cikin Fiyano

Shekara ashirin da shida Kuwabara yana kula da zauren ofishin hukumar garinsu, kuma babu abin da yake ji da shi irin baƙin fiyanon da ke gindin matakala. Bai iya kaɗa shi ba, bai ma taɓa danna shi ba, amma kullum sai ya goge shi da farin ƙyalle har ya ga fuskarsa a jiki. Wanda ya ɗora kofin shayi a kan murfin kuwa ya gamu da gamonsa. Laraba ta ƙarshen kowane wata ana gayyato makaɗi ya yi wa ma'aikata kiɗa a hutun cin abincin rana, a tashi kafin ƙararrawar ƙarfe ɗaya. Na yau ne na ƙarshe a hannunsa, don jibi zai yi ritaya, kuma burinsa ya tafi ba a taɓa cewa wani taro ya lalace a zaurensa ba.

Makaɗiyar yau wata matashiya ce, Shiraishi. Tun takwas ta zo ta duƙufa a kan fiyanon, lokacin yana bene yana fama da famfo mai yoyo. Goma da rabi ta rufe murfi ta fita neman abin sawa a baki. Da Kuwabara ya sauko ya ɗaga murfin don duban ƙarshe, sai ga abin da bai zata ba. Ƙusoshi ne maƙale a tsakanin tsirkiyoyi, da guntayen robar goge fensir, da maɓallan riga, har da abin maƙale shanya. Nan take ya ɗora laifin a kan masu zaman jiran takardu, mutanen da in gundura ta kama su ba abin da ba za su taɓa ba.

Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da matsefata. To, dokar ginin ita ce duk abin da aka tsinta a cike masa fom, a faɗi mene ne da inda aka gan shi. Malalata su rubuta “a zaure” su wuce. Ban da Kuwabara. Shi sai ya rubuta “tsirkiya ta bakwai daga hagu, faɗin yatsa huɗu daga gaba”, ya buga ɗan hatiminsa na katako mai ɗauke da sunansa. Fom goma sha tara ya cike. Wani guntun gora kaɗai ya hana wa fom, don a ganinsa shara ce, kuma motar shara ta tafi da shi ƙarfe sha ɗaya.

Sha biyu da kwata zaure ya cika, kowa da akwatin shinkafarsa a cinya. Shiraishi ta fara da wani kiɗan Turawa na tun shekara ɗari biyu, mai sanyi, har wani daga sashen ruwa ya fara gyangyaɗi. Da ta gama ta miƙe ta nuna wani tsoho mai sanda a layin gaba. Ta ce malaminta ne, Hiraga-sensei, kuma kiɗa na gaba shi ya rubuta shi shekara arba'in da suka wuce, amma ba a taɓa kaɗa shi a gaban jama'a ba, don babu zauren da ya yarda a sa masa ƙusa a fiyano sai wannan. Shugaban sashe Onodera, wanda ya ba da izinin ya manta bai gaya wa kowa ba, ya gyaɗa kai yana murmushi. Ta ƙara da cewa abu ashirin ta jera a tsirkiyoyin gefe da gefe, waɗanda kiɗan farko bai taɓa ba.

Kuwabara ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ba wanda ya gan shi da safe, da ya yi shiru, da shi ke nan. Amma ya fito gaban mutum sittin ya sunkuya har goshinsa ya kusa kai gwiwa.

“Shiraishi-san, ni na share su. Ki gafarce ni.”

Ta ɗaga murfi ta leƙa, fuskarta ta canza. Ta ce da kunne ta gwada kowanne, awa biyu da rabi, kuma ba ta rubuta ba. Saura minti ashirin ƙararrawa.

Kuwabara, wanda ya hana gudu a zauren nan shekara ashirin da shida, ya ruga a guje ya dawo da kwando da fama-famai. Ya ce zai karanta, ita ta mayar. Sai dai da ta miƙa hannu ya janye kwandon kaɗan, ya ce kayan tsintuwa ba sa fita sai mai su ya buga hatimi. Ta yi masa wani kallo kamar za ta cinye shi ɗanye. Onodera ya ce a bar zancen doka yau, Kuwabara ya dube shi da ladabi, irin ladabin da ya sa shugaban ya koma kujerarsa. Sai tsohon ya zaro hatiminsa daga aljihu yana dariya.

“Kawo nan, ɗan'uwa. Ai kayana ne.”

Aka shiga aiki. Kuwabara ya karanto lambar tsirkiya da ƙarfi, Shiraishi ta maƙala ƙusa, tsoho ya buga hatimi dum. Jama'ar baya, waɗanda suka saba jin cewa kiɗan zamani sai a hankali, suka zaci an fara. Suka ajiye tsinken cin abinci suka natsu, wata ma ta lumshe ido. Da aka buga na sha tara suka yi tafi.

Saura ɗaya, kuma a kansa kiɗan yake ƙarewa. Kuwabara ya sake sunkuyawa ya faɗi inda guntun gorar ya tafi. Mutane suka yi ta miƙo tsinkensu, ya ce sun yi siriri, kuma abu mai maiƙo ba zai shiga fiyanon nan ba yana raye. Ya tambayi Shiraishi kaurin gorar, ta nuna masa ƙaramin yatsanta. Ya dubi hatiminsa, ya goge jan tawadar tas, ya soke shi da hannunsa a tsirkiya ta biyu daga hagu, daidai inda ya ciro gorar.

Kiɗan minti takwas ne. Farkonsa kamar ana wanke tukwane, daga baya ya koma kamar ruwan sama a kan kwano, kuma Kuwabara, da ya shirya jin haushi, ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi. Tsohon yana ta share ido da bayan hannu. A ƙarshe Shiraishi ta danna madannin can gefen hagu, mai buga tsirkiyar da hatimin yake, fiyano ya ce dum, sak ƙarar da Kuwabara yake ji a teburinsa kullum. Ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya tashi sai da ƙarar fiyanon ta mutu.

Da zaure ya watse, tsohon ya dogaro sandarsa ya ce katakon nan ya fi gorarsa, ko za a riƙa ara masa.

“Ka riƙe, Sensei. Daga jibi ba ni da abin da zan buga shi a kai.”

Tsohon ya dube shi. Sannan ya ce to kafin a cire, mai hatimi ya danna madannin ya ji da kansa. Kuwabara ya duba hagu da dama, ya ga ba kowa sai su uku. Ya ɗauko farin ƙyallen ya goge yatsansa sosai, sannan ya danna.