Igiyar Dije

"Sittin na ce, Baba. Waɗanga sun hi ɗari biyu."

"Ba su yi kyau ba, Mushe," in ji Takama, bai ko ɗago kai ba. "Sai na sake."

Ayuba, malamin makarantar da mutanen gari ke kira Mushe, ya ɗauki alƙalami ɗaya daga kwandon ya juya shi. Itacen kanya ne, sumul kamar kuncin jariri, ramin bakin ƙarfen daidai. Babu aibi ko ɗaya. Saura kwana huɗu a buɗe lakwal, wato makarantar boko, a Tsarnawa, yaran ajinsa na jiran abin tsomawa a tawada, ga tsoho yana ta sassaƙa tun tsakiyar damina.

Aikin Takama na mutum biyu ne. Ana ɗaure guntun itace tsakanin tsinin ƙarfe biyu, a naɗa masa igiya, wani ya riƙa ja itacen na juyawa, shi kuwa ya kanga kurfi, ƙarfen da yake sassaƙa da shi. Da yake matarsa Dije ba ta fita gaban maza, ya huda bangon zaure ya zura igiyar cikin gida. Shekara ashirin tana ja daga can, yana sassaƙa daga nan, ba sa ganin juna. Farkon damina tari ya kashe ta. Ɗiyarsu Zalika ta karɓi igiyar, Zalikar da Ayuba ke ƙidaya kwanaki ya aura bayan girbi, wadda dariyarta ke hana shi karatu.

Yanzu sati uku ke nan ba ta fito zance ba. Kullum a ce masa tana aiki. Ran da ya hango ta bakin rijiya, sai ya ga ta rame, tana tafiya a duƙe, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ta wuce shi kamar ba ta san shi ba.

Rana ta take tsaka, garin tsit, ko akuya ba ta kuka. Igiyar ta motsa. Ja biyu, tsayawa, sai tari busasshe daga bayan bango. Ja biyu, tari. Ayuba ya kasa kunne. Ya sha jin wannan tarin bara, a wannan zauren.

Ya durƙusa bakin kafar da igiyar ke bi ya kira sunan Zalika a hankali, ya sake kira. Can sai murya ta fito, muryar Zalika ce amma a shaƙe, a gajiye:

"Maigida, wane ne nan wurinka? Kurhinka ya dakushe, ina ji a hannuna."

Ba a taɓa jin Zalika ta kira ubanta da wani suna ba sai Baba.

Ayuba ya waiwayo. Tsohon yana murmushi, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga cikin garin itace. Ya faɗa masa komai ba tare da an tambaye shi ba. Tun ranar da yarinyar ta kama igiyar abin ya fara, Dije ke magana ta bakinta. Da fari na ɗan lokaci ne, tana sakin igiyar ta dawo hayyacinta, ba ta tuna komai. Shi ya sa yake cewa alƙaluman ba su yi ba, don a ƙara ja, ya ƙara jin Dije. Amma kwanan nan ko ta saki, sai la'asar take dawowa. Jiya ba ta dawo ba sai da aka kira magariba.

"Yau hwa, Baba?" in ji Ayuba. "In ba ta dawo ba yau? Ɗaya Allah ya karɓa. Wagga kai za ka ba da ita."

Igiyar ta fizga, ta sake fizga, kamar mai ƙosawa. Itacen yana ta juyawa a banza, ba kurfi a kansa. Tarin ya dawo, wannan karon mai tsawo, irin na kwanakin ƙarshe, har Ayuba ya ji kamar ƙirjinsa ake yagewa.

Tsohon ya ɗora tafinsa kan igiyar, ya bar ta tana gogar fatarsa, ya daɗe haka. Sannan ya matso bakin kafar.

"Dije, aiki ya ƙare. Ki yahe mini." Ya miƙa wa Ayuba hannu. "Ba ni wuƙar can, Mushe. Yanzu zan yanke ta, kuma kahin la'asar sai na toshe kahwag ga da laka."